Yadda ake auna ƙarfin magani a kan ƙwayoyin sel, tun daga fifet har zuwa IC50

Lambar da ake kira IC50 ita ce yawan maganin da ke rage aikin ƙwayoyin sel, ko na wani enzayim, zuwa rabi. A cikin rahoto lamba ɗaya ce tal, amma kafin a kai gare ta an auna hoda a sikeli, an ɗebi ruwa ba adadi, an ƙirga sel, an karanta launi a na'ura. Kowane awo cikin waɗannan yana da 'yar karkatarsa, kuma ba wadda ke ɓacewa a hanya. Taruwa suke yi su shige cikin lambar ƙarshe. Manhajar da ke zana giraf ba ta san kumfa ya shiga tif ba, wato ɗan bakin roba da ake sa wa fifet, na'urar ɗibar ruwa kaɗan-kaɗan. Abin da aka ba ta shi za ta lissafa, ta fito maka da amsa mai lambobi huɗu bayan ɗigo, gwanin sha'awa. Shi ya sa idan ɗalibi ya kawo mini giraf, tambayar da nake fara yi masa ita ce, yaushe rabon da a gwada fifet ɗinsa a kan sikeli?

Fifet tukuna

Fifet na zamani, wanda Heinrich Schnitger ya ƙirƙiro a Marburg ta ƙasar Jamus a 1957, da iska yake aiki. Tsakanin fistin ɗinsa da ruwan da kake ɗiba akwai iska, kuma iska tana buɗewa da zafi, tana matsewa da sanyi. Duk wata dabarar riƙe fifet daga nan ta samo asali.

Ka zaɓi wanda adadin da kake so ya faɗa a tsakiya ko saman iyakarsa. Mai ɗaukar maikrolita 20 zuwa 200 zai iya ɗibar 20, amma a nan ƙasan ne kuskurensa ya fi yawa. Gara ka ɗauki mai 2 zuwa 20 ka murɗa shi zuwa ƙarshe. Ka jiƙa tif, wato ka ja ruwan ka mayar sau biyu ko uku kafin ɗiban gaske, don iskar ciki ta ɗauki danshi. Ka riƙe fifet a tsaye lokacin ja, bakin tif ya nutse milimita 2 ko 3 kawai, ka saki maɓalli a hankali, ka ɗan dakata daƙiƙa guda kafin ka fito da shi. Wanda ya saki maɓallin ya buga da kansa zai ga ruwa ya fantsama sama cikin tif, wani lokaci har ya shiga cikin fifet ɗin, ya bushe a can ya riƙa ɓata aikin duk wanda ya zo bayansa.

Ruwa mai danƙo, kamar gilisarol ko sabulun Triton, da mai saurin tashi kamar etanol, ba sa son ɗiban da aka saba. A nan sai ka juya tsarin: maɓallin fifet yana da wurin tsayawa biyu, ka danna har tsayawa ta biyu kafin ka ja, sannan ka zuba zuwa tsayawa ta farko kawai. Ragowar da ta maƙale a tif ta tafi shara.

Gwajin fifet ba ya buƙatar injiniya. Maikrolita ɗaya na tsabtataccen ruwa nauyinsa kusan miligiram ɗaya ne. A digiri 20 na ma'aunin Salshiyos mililita ɗaya giram 0.998 ne. Ka ɗora ƙaramin kofi a sikeli mai lambobi huɗu bayan ɗigo, ka mayar da shi sifili, ka zuba maikrolita 100, ka rubuta abin da ya nuna. Ka maimaita sau goma, kamar yadda ƙa'idar ISO 8655 ta tanada, a saman iyakar fifet, da tsakiya, da ƙasa. Abubuwa biyu kake dubawa. Matsakaicin goman ya yi kusa da miligiram 99.8? Idan ya kauce, fifet ne ke buƙatar saiti. Goman sun yi kusa da juna? Idan sun watsu, ko robar ciki ta mutu, ko kuma hannunka ne. Mutane ba sa son jin na biyun, amma a wurin sabon shiga shi ya fi yawa, kuma maganinsa zama da kofin ruwa da sikeli har hannu ya faɗa.

Uwar magani

Uwar magani ita ce haɗin farko mai ƙarfi da za ka riƙa sirkawa daga gare shi. An fi yin ta a milimola 10 cikin DMSO, domin DMSO yana narkar da yawancin magungunan da ruwa ba ya narkarwa.

Kada ka ɓata lokaci kana fama da cokali don hoda ta zauna daidai a miligiram 5.80. Ka auna abin da ya samu, ka rubuta nauyinsa na gaskiya, sannan ka lissafa ruwan da zai dace da shi. Ga misali da doksorubisin haidirokulorayid, wanda nauyin mol ɗinsa giram 579.98 ne. Milimola 10 na nufin miligiram 5.8 a kowace mililita. Idan sikeli ya nuna miligiram 3.4, ka raba 3.4 da 5.8, ka samu mililita 0.586, wato maikrolita 586 na DMSO. Shi ke nan. Abin da nake hanawa shi ne auna ƙasa da miligiram 2 ko 3 a sikelin yau da kullum, don a nan numfashinka ma yana motsa lamba ta ƙarshe.

Ka karanta takardar da ke jikin kwalba, kada ka ɗauko nauyin mol daga intanet. Magunguna da yawa a siffar gishiri ake sayar da su. Doksorubisin tsuransa 543.52 ne, wanda ya yi lissafi da wannan alhali mai gishirin ke hannunsa, haɗinsa zai gaza da kusan kashi 6 cikin 100. A metfomin abin ya fi muni: tsuransa 129.16, mai gishiri 165.62, giɓin ya kai kashi 22 cikin 100. Wasu hodojin kuma suna ɗauke da ruwa a cikin ƙirarsu, shi ma an rubuta a kwalba.

DMSO kansa yana da halaye uku da ya kamata ka sani. Yana daskarewa a digiri 18.5, don haka a ɗaki mai sanyin na'ura za ka iya tarar da shi ya zama ƙanƙara. Ka bari ya narke gaba ɗaya, ka girgiza, kafin ka ɗiba, domin ɓangaren da ya fara narkewa ƙarfinsa ba ɗaya ba ne da sauran. Yana jan danshi daga iska, kuma da zarar ya sha ruwa sai wasu magungunan su fara kwantawa a ƙasan tub. Saboda haka ka rarraba uwar magani a ƙananan tub, kowanne na aikin rana ɗaya, ka ajiye a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. Na uku, ba kowane magani ke jituwa da shi ba. Sisfilatin shi ne sanannen misali: DMSO yana maƙale wa filatinom ɗin da ke cikinsa ya kashe masa ƙarfi. Shi a ruwan gishiri mai kashi 0.9 ake narkar da shi, kuma sabo ake haɗawa.

Sirki bi da bi

Magani ba ya bayyana halinsa a mataki uku ko huɗu. Kana buƙatar matakai takwas zuwa goma, daga inda ba ya yin komai har inda ya gama duk abin da zai iya. Ni na fi son sirkin kashi uku: maikrolita 10 na magani cikin maikrolita 20 na DMSO, a gauraya, a ɗebi 10 daga nan zuwa tub na gaba. Idan mataki na sama zai zama maikromola 10 a kan sel, na goma zai sauka zuwa kusan rabin nanomola. Wannan faɗin ya isa kama yawancin magunguna a gwajin farko. Sirkin kashi biyu yana ɓata gurabe, wato ramukan farantin da ake shuka sel a ciki, a wuri ƙanƙani, na kashi goma kuma yana tsallake inda ake neman.

A cikin DMSO zalla za ka yi duk sirkin, sannan daga baya ka kai kowane mataki cikin ruwan abincin sel. Dalili shi ne kowane gurbi ya samu DMSO daidai da ɗan'uwansa. Wanda ya yi sirkin a ruwan abinci kai tsaye, gurbin sama zai samu DMSO mai yawa, na ƙasa kusan babu, kuma ba zai iya rantsuwa cewa maganin ne ya kashe sel ɗin sama ba. Tsarin da nake bi: maikrolita 2 daga kowane tub cikin 998 na ruwan abinci, sannan a zuba 100 daga wannan a kan 100 da ke cikin gurbi. An sirka sau 1000 ke nan, DMSO ya tsaya a kashi 0.1 cikin 100. Yawancin sel suna jure har 0.5, amma akwai masu laushi, don haka ka gwada naka. Gurbin kwatance, wanda ba magani a ciki, dole shi ma ya samu wannan 0.1 ɗin.

Ka canza tif a kowane mataki, ka gauraya sosai kafin ka wuce. Kuskure a nan hawa yake yi kan kuskure. A ce fifet ɗin da ke ɗibar goman yana ba da 9.5 kawai. A mataki ɗaya giɓin bai kai kashi 4 cikin 100 ba, ba wanda zai lura. Bayan an wuce sau tara, tub na ƙarshe ya rasa fiye da kwata na abin da ka rubuta a jikinsa.

Ka ɗaga tub na sama ka duba shi a haske bayan ya shiga ruwan abinci. In ka ga ya yi hazo ko ƙananan ƙwayoyi suna yawo, maganin ya fita daga ruwa, kuma abin da sel za su gani bai kai abin da ka lissafa ba.

Faranti da sel

Faranti mai gurbi 96 yana da gurabe 36 a gefe, 60 a ciki. Na gefen sun fi saurin bushewa cikin inkubeta, kuma idan ruwa ya ragu sai gishiri da magani su ƙara ƙarfi. A gwajin awa 72 bambancin yana fitowa ƙarara. Ka cika na gefen da ruwan gishiri na bafa ko ruwan abinci zalla, ka yi aiki da 60 na ciki. Na san ana jin asara ce, amma na fi yarda da gurabe 60 masu gaskiya.

Ƙirgar sel a gilashin hemosaitomita tana da sauƙi. Kowane babban murabba'i yana ɗauke da kashi ɗaya cikin goma na maikrolita, don haka matsakaicin abin da ka ƙirga a murabba'i, sau 10,000, sau yawan sirkin da ka yi da shuɗin tirayifan, shi ne adadin sel a mililita. Matattu suna shan shuɗin, rayayyu suna fitowa fes. Ka ƙirga aƙalla sel 100. Ƙasa da haka sa'a ce ke magana.

Nawa za a shuka a gurbi? Wannan sai da gwajin share fage. Ka shuka adadi daban-daban, daga dubu ɗaya zuwa dubu ashirin, ka bar su tsawon lokacin da ainihin gwajin zai ɗauka, ka ga inda launi ke tafiya daidai da adadi. Abin da kake so shi ne a ranar ƙarshe gurbin kwatance yana kan girma, bai cika ya tsaya ba. Idan ya cika tun kwana na biyu, gurabe masu magani za su kamo shi a hankali, maganin ya fito kamar mara ƙarfi.

Sel suna kwantawa a ƙasan tub cikin mintuna kaɗan. Ka riƙa juya tub ɗin tsakanin layi da layi, in ba haka ba layin farko da na ƙarshe ba za su samu adadi ɗaya ba. Bayan shuka, ka bar faranti a kan teburi mai lebur kamar rabin awa kafin ya shiga inkubeta mai digiri 37 da iskar kabon dayoksaid kashi 5. Sel za su zauna ko'ina a gindin gurbi maimakon su tattaru a gefe. Washegari, bayan sun kama, sai a sa magani.

Wani abu da ake yawan tsallakewa: gwajin maikofilasma. Wannan ƙwayar cuta ba ta sa ruwa ya yi hazo, madubin ɗakin gwaji na yau da kullum ba ya nuna ta, amma tana canza yadda sel ke amsa magani. Gwajin PCR ɗaya a wata ya isa ya cire ka daga wannan zulumin.

Karanta launi

Gwajin MTT, wanda Tim Mosmann ya wallafa a 1983, har yanzu yana cikin waɗanda aka fi yi saboda arha da sauƙi. Ana zuba ruwan MTT mai launin rawaya, rabin miligiram a mililita, a jira awa 2 zuwa 4. Rayayyun sel suna mayar da shi ƙananan duwatsu masu launin shunayya da ake kira fomazan. A tsotse ruwan a hankali, a narkar da duwatsun da DMSO, a karanta a nanomita 570.

Kafin ka zuba MTT, ka kai faranti gaban madubi ka kalli kowane mataki. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Idan a maikromola 1 sel sun dunƙule suna yawo a sama, sannan na'ura ta ce kashi 90 suna raye, na'urar ce za ka tuhuma.

Kuma akwai dalilin tuhumar. MTT ba ya ƙirga sel, kuzarin enzayim ɗinsu yake aunawa. Maganin da ke rage aikin maitokondiriya zai rage launi alhali sel suna nan. Wanda ke sa sel su kumbura ba tare da sun rabu ba zai iya ƙara launi alhali girma ya tsaya. Wasu sinadarai kuma da kansu suke juya MTT ko babu sel ko ɗaya, irin su bitamin C da kwasetin da tatattun ruwan ganyayyaki da yawa. Masu aiki da tsirrai su kula da wannan sosai, don nan ne ake samun rahoton da ke cewa sel sun kai kashi 140 cikin 100. Magani mai launi, kamar doksorubisin da yake ja, shi ma yana iya ƙara wa karatu a manyan matakai. Rigakafin waɗannan biyun na ƙarshe ɗaya ne: layi guda na gurabe masu magani da MTT amma babu sel, a cire karatunsu daga na sauran. Idan sakamakon yana da muhimmanci, a sake tabbatar da shi ta hanyar da ba ta dogara da abu ɗaya ba, kamar auna ATP, sinadarin da ke ɗauke da kuzarin sel, da CellTiter-Glo, ko rinin SRB da ke auna jimillar furotin.

Na'urar karatu tana da iyakarta. Idan shan haske, wato lambar da na'urar ke nunawa, ya haura 2, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na hasken ne ke ratsawa, kuma yawancin na'urori sun fara rasa daidaito. Ka nemi gurbin kwatance ya faɗa wajen 1. Kumfa ɗaya a gurbi yana iya ɗaga karatu. Ka fasa shi da bakin allura kafin ka rufe murfin na'ura.

Akwai lissafi ɗaya da ke gaya maka ko farantin ya cancanci a ci gaba da shi, wato Z' da Zhang da abokan aikinsa suka fito da shi a 1999. Kana buƙatar gurabe masu DMSO kawai da gurabe da aka kashe sel ɗinsu gaba ɗaya. Ka haɗa ma'aunin watsuwar ɓangarorin biyu, ka ninka sau 3, ka raba da tazarar da ke tsakanin matsakaitansu, ka cire amsar daga 1. A ce masu rai sun ba da 1.20 da watsuwa 0.06, matattu 0.10 da watsuwa 0.02. Jimilla 0.08, sau uku 0.24, a raba da 1.10 a samu kusan 0.22, Z' ya zama 0.78. Daga 0.5 zuwa sama faranti ne mai kyau. Ƙasa da haka, ni dai sake shuka nake yi.

Giraf da lambar da ke cikinsa

Ka mayar da kowane karatu kashi cikin 100 na gurbin DMSO. A layin kwance ka sa logaridim na ƙarfin magani, don matakan su jeru da tazara ɗaya. Sannan ka sa manhaja, ko GraphPad Prism ko R, ta zana lanƙwasa mai ma'auni huɗu: rufin sama, daɓen ƙasa, tsakiya, da gangara. Gangarar ita ce ke ɗauke da sunan A. V. Hill, wanda ya kawo lissafin a 1910 yana nazarin yadda iskar oksijin ke kama hemogulobin. Kada a ja miƙaƙƙen layi ta cikin ɗigogin a karanta inda ya ratsa 50. Halin magani ba miƙaƙƙe ba ne.

Ka duba ko ɗigoginka sun kai rufi sun kuma kai daɓe. Manhaja za ta ba ka IC50 ko ba su kai ba, ta hanyar hasashen inda layin zai je. Idan a mataki mafi girma, maikromola 10, sel kashi 70 suna raye, abin da za ka rubuta shi ne IC50 ya haura maikromola 10. Lambar 47.3 da manhaja ta fitar ba ka auna ta ba.

Sai kuma ka bayyana wace IC50 kake nufi, don iri biyu ce. Ɗaya ita ce tsakiyar rufi da daɓe, ɗayar kuma inda layin ya ratsa kashi 50 daidai. Idan daɓe yana sifili, duk ɗaya ne. Amma maganin da ke tsayar da girma ba tare da kisa ba zai iya yin daɓe a kashi 40, a nan lambobin biyu sun rabu sosai. Gangara ma tana magana: kusa da 1 shi ne aka saba gani, idan ta kai 3 ko 4 ka binciki ko maganin ya kwanta, ko kuma yana fasa sel ne kawai da zarar ya kai wani ƙarfi.

Gurabe uku masu magani ɗaya a faranti ɗaya ba gwaji uku ba ne. Gwaji ɗaya ne da aka karanta sau uku, kuma abin da suke nunawa shi ne kyawun hannunka. Maimaici na gaskiya shi ne wata rana daban, da sabuwar shukar sel, da sabon sirki. Uku irin wannan shi ne mafi ƙaranci. Wajen haɗa su, ka ɗauki matsakaicin logaridim ɗinsu. Idan ka samu nanomola 40 da 90 da 250, haɗawa a raba uku zai ba ka kusan 127, domin babbar ta ja sauran. Ta hanyar logaridim za ka samu kusan 97, wanda ya fi wakiltar ukun. Wannan ne ya sa masana magunguna suka fi son pIC50, wato logaridim ɗin IC50 da aka juya alamarsa, inda nanomola 100 ke zama 7, maikromola 1 ke zama 6.

IC50 ba sunan yanka ba ne da magani ke yawo da shi ko'ina. Yana canzawa da irin sel, da adadin da aka shuka, da tsawon lokaci, da yawan siram, wato ruwan jini da ake ƙarawa, a ruwan abinci, tunda furotin ɗin siram yana kama wani kaso na maganin ya hana shi aiki. A gwajin enzayim kuma yana bin yawan abin da enzayim ɗin ke sarrafawa. Cheng da Prusoff sun nuna a 1973 cewa, ga maganin da ke takara da wannan abin a mazauni ɗaya, Ki, wato ma'aunin ainihin kamun da magani ke yi wa enzayim, daidai yake da IC50 a raba da 1 haɗe da S bisa Km, inda S shi ne yawan abin da enzayim ke sarrafawa, Km kuma yawan da ke kai enzayim rabin gudunsa. Idan S daidai yake da Km, IC50 ninki biyu ne na Ki; idan S ya ninka Km sau tara, ninki goma ne. Wannan na cikin dalilan da ke sa maganin kainez, wani enzayim mai aiki da ATP, ya yi ƙarfi a tub, inda ATP kaɗan ne, ya yi rauni a cikin sel, inda ATP ke matakin milimola. Duk waɗannan sharuɗɗan su bi lambar cikin rahoto.

Idan za ka bi sawun maganin cikin sel

Bayan IC50, tambaya ta gaba yawanci ita ce wace ƙwayar gado ce maganin ya taɓa. Nan awon RNA ya shigo, domin RNA shi ne kwafin da ke nuna ƙwayar gadon da ke aiki. A nanomita 260, shan haske na 1 a faɗin santimita ɗaya yana nufin maikrogiram 40 na RNA a mililita, ko 50 idan DNA ne mai igiya biyu. Na'ura irin NanoDrop tana yin wannan da maikrolita 1 ko 2. Ka saita sifili da ainihin ruwan da ka narkar da RNA a ciki, ka goge mazaunin ɗigo sama da ƙasa tsakanin samfur da samfur.

Rabon shan haske a 260 bisa na 280 ya kamata ya zo kusa da 2.0 a RNA, 1.8 a DNA. Ƙasa da haka alamar furotin ko fenol ce, kodayake ruwa mai ɗan tsami shi kaɗai yana iya sauke shi. Rabon 260 bisa 230 ana son shi tsakanin 2.0 da 2.2, kuma gishirin guwanidin da ya rage daga tacewa shi ne ya fi ja da shi ƙasa. Sai dai haske ba ya bambance RNA da DNA, ba ya kuma bambance lafiyayye da wanda ya ragargaje. Samfurin da ya lalace gaba ɗaya zai iya ba ka 2.0 cif. Don sanin adadi na gaskiya a samfur mai rauni, na'urar Qubit ta fi, tunda rininta abu ɗaya yake kamawa. Don sanin lafiya, ka gudu da shi a jel ka ga layukan 28S da 18S, ko ka nemi lambar RIN da ke tafiya daga 1 zuwa 10.

Furotin ba zan daɗe a kansa ba. Ka duba abin da ke cikin ruwan da ka fasa sel da shi, shi zai zaɓa maka hanyar auna yawan furotin. Ta Bradford, ta 1976, ana karanta ta a 595 kuma ba ta son sabulun SDS. BCA ana karanta ta a 562, tana jure sabulu amma DTT da EDTA mai yawa suna ɓata ta. Ka sa layin ma'auni na furotin BSA a kowane faranti, cikin irin ruwan da samfur ke ciki, kuma samfurin da ya haura ƙarshen layin a sirka shi a sake.

A qPCR, gwajin da ke ninka ƙwayar gado zagaye-zagaye don auna yawanta, kowane zagaye ninki biyu ne, don haka tazarar rabin Ct, wato lambar zagayen da haske ya fara bayyana, tsakanin gurabe biyu na samfur ɗaya tana nufin bambancin kusan kashi 41 cikin 100. Ka haɗa dukkan kayan a tub ɗaya ka rarraba, kuma kada ka ɗebi cDNA, wato DNA da aka kwafo daga RNA, ƙasa da maikrolita 2. Gara ka sirka shi ka ɗebi mai yawa. Lissafin Livak da Schmittgen na 2001, wanda kusan kowa ke amfani da shi, ya ginu ne a kan cewa furaima, gajerun igiyoyin DNA da ke fara kwafin, suna ninkawa biyu cif. Ka gwada da sirkin kashi goma sau biyar: a layin Ct, gangara 3.32 ƙasa da sifili ita ce kashi 100, kuma ana karɓar daga 3.6 zuwa 3.1, wato kashi 90 zuwa 110. Furaimar da ke ninka 1.8 kawai, a tazarar zagaye biyar, ainihin bambancin kusan 19 ne, lissafin kuma zai ce 32. Gurbi mara samfur da gurbin da ba a sa enzayim mai juya RNA ba dole ne su kasance, kamar yadda ƙa'idojin MIQE na 2009 suka nema, kuma mai amfani da rinin SYBR Green ya duba cewa zanen narkewa tsauni ɗaya ya fitar.

Ƙwayar gadon da ake kwatance da ita ita ce inda aikin magani ya fi yin tuntuɓe. An saba ɗaukar GAPDH ko ACTB ba tare da tambaya ba, alhali GAPDH enzayim ne na sarrafa sukari, ACTB kuma na ƙashin jikin sel. Maganin da ke taɓa ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka zai iya motsa su, sai ka ga kamar duk sauran ƙwayoyin gadon sun tashi ko sun faɗi tare. Ka gwada uku ko huɗu a kan samfur masu magani da marasa magani, da RNA daidai wa daida, ka zaɓi biyun da Ct ɗinsu ya fi zama wuri ɗaya. Kuma ka girbi sel ɗin a ƙarfin da bai kai na kisa ba, ko da wuri kafin mutuwa ta fara, domin RNA na sel mai mutuwa labarin mutuwar yake bayarwa, ba na inda maganin ya fara kamawa ba.